Babur ɗin Sirajo da Sanyin Horo Birni

Ku da kuke zama a kan bencin garejina da yamma kuna cewa gyaran babur na yanzu ba wani abu ba ne, a jona na'ura ta faɗi cutar a canza abin da ta ce, ku matso in ba ku labarin babur ɗin Sirajo. Sau uku na jona masa na'urar, kuma duk sau ukun ta ce mini lafiyarsa ƙalau. Amma sai na ɗan koma baya tukuna, don tushen maganar ya girmi Sirajo kansa.

Zamanin jamhuriya ta biyu aka kai ni koyon kanikanci a Bodinga, wurin wani dattijo mai suna Malam Bawa, a wata rumfar kwano da ke bakin titin Sakkwato. Kayan aikinmu duka tsumma ɗaya ke naɗe su: sifana huɗu, sukundireba biyu, fulaya, guduma, sai wani tsohon kwanon sha da muke wanke notuna a ciki. Shekara guda cur na yi a kan wannan kwanon kafin a bar ni in kwance fulogi. Malam Bawa da kunne da hanci yake aiki. Ya zare fulogi ya shinshina, ya ce mai babur ya sha man galan. Ya saurari salansa ya ce bawul ya matse. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya sha murɗe mini kunne a kanta: kada ka ɗauki sifana sai ka tambayi mai babur abu uku, yaushe yake yi, a ina yake yi, kuma wa ke taɓa shi.

Baburan lokacin duk masu kafireta ne, wato ɗan kwanon nan da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Idan sanyi ya sauka fetur yakan yi nauyi, ya ƙi tashi ya bi iska, shi ya sa inji mai sanyi yake son mai ya fi yawa. Maganin abin shi ne cok. Ka ja shi ya toshe iska, ka buga kik sau biyu, in ya ɗumama ka mayar. Ko makaho ya san wannan a wancan zamani.

Sai muguwar shekara ta zo. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka yanke, damina kuma ta yi gardama. Ka je Sakkwato neman wayar cok ka dawo da ciwon ƙafa. Da kwalin sukari muke yanka gasket. Fulogi ɗaya mu goge shi mu sake gogewa har ya zama kamar haƙorin tsoho. Wayar birkin keke muka riƙa sa wa cok, har ita ma ta yi wuya. A wannan shekarar na koyi kanikanci na gaske, don wanda ba shi da sabon abin da zai sa dole ya fahimci tsohon.

Wata safiya cikin tsakiyar sanyin shekarar aka turo mana babur ɗin Malam Haliru. Malamin firamare ne, mutumin Horo Birni, yana koyarwa a Lambara, ya kwana a Bodinga wurin 'yan'uwa babur ya ƙi tashi. Na buɗe na tarar cok ɗin ya karye daga ciki, ba waya kaɗai ba, kuma babu inda za a samu wani. Malam Bawa ya tafi jana'iza. Na tsaya ina kallon inji, ina kallon mai shayin da ke gefenmu, tururi na tashi daga butarsa. Na ce a raina, in sanyi ne ya hana fetur tashi, me zai faru in na kori sanyin? Na aro butar, na tsiyaya ruwan zafi a wuyan kafireta da kan inji a hankali. Bugu ɗaya ya ɗauka.

Malam Haliru ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta so ta yi mini kaɗan. Da Malam Bawa ya dawo na ba shi labari ina jiran yabo. Ya dube ni ya ce, "Ummaru, wanga ba gyara ba na, lallashi na." Ban ji shi ba. Duk wanda ya zo da matsalar cok sai in koya masa. Kafin sanyin ya wuce, daga Bodinga har Dandin Mahe ana zuba wa babura ruwan zafi da safe, ana kiran abin dabarar Ummaru. Ni da kaina na ji wani a kasuwa yana koya wa wani, ban ce masa ni ne ba, amma na ji daɗi.

Shekaru suka shuɗe. Malam Bawa ya rasu, na dawo Shagari na buɗe nawa wurin, kaya suka wadata, na manta da buta. Furfura ta riga ta cika mini gemu lokacin da masu injekta suka fara shigowa. Ranar da na fara buɗe ɗaya, neman kafireta na yi ta yi kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Babu ita, babu cok. Famfo ne a cikin tanki yake turo mai, injekta ta fesa shi, wani ɗan akwati da muke kira ƙwaƙwalwa shi ke yanke yawan da za a fesa. Ita ƙwaƙwalwar ba ta da ido, sai abin da 'yan aikenta suka gaya mata. Ɗaya daga cikinsu, sensar zafi, ɗan ƙarfe ne kamar kan yatsa a jikin kan inji. In ya ce mata inji da sanyi, sai ta ƙara mai da kanta. Wato cok ɗin yana nan, ya dai koma hannun wanda ba ya mantuwa.

Abokan sana'ata da yawa suka ce su ba sa taɓa babur mai aljani. Ni kuwa abin burge ni ya yi. Na sayi wanda ya yi hatsari, na farke shi gaba ɗaya don in ga me ke magana da me. A nan na gane yawancin masu kawo kukan ƙin tashi da safe, halin da ne ke cutarsu. Mutum ya murɗa makulli ya danna sitata nan take, bai jira famfo ya gama ɗan kukansa ba. Ko ya riƙa murɗa totur kamar yadda ya saba, iska ta yi yawa. Wani batirinsa ne ya tsufa, yana iya kunna fitila amma ba ya iya ciyar da famfo da sitata lokaci ɗaya. Wani mai albasa daga Lambara kuwa, tsakin da na fitar daga matatar famfonsa ya isa a shuka gero a kai.

To, Sirajo ya zo mini ranar wata Talata da hantsi. Autan Malam Haliru ne, uban ya rasu da daɗewa. Ma'aikacin lafiya ne, an ba shi sabon babur mai injekta daga wurin aiki. Aikinsa shi ne ya fito daga Horo Birni da sassafe, ya ɗauki akwatin allurar rigakafi a Shagari, ya kai ƙauyuka da rugage kafin mata su watse kuma kafin ƙanƙarar akwatin ta narke. In ya makara, ranar ta tafi a banza.

"Baba Ummaru, tun da sanyin ga ya kama ba shi tashi da sahe," in ji shi. "Sai rana ta ɗaga. Sau biyu ke nan ina makara."

Na murɗa makulli, famfo ya yi kukansa, na danna. Tashi ɗaya. Na yi masa tambayoyin Malam Bawa. Yaushe? Da safe. A ina? A gida. Wa ke taɓa shi? Ya ce ba kowa, shi da Inna kaɗai ne a gidan, kuma tun ranar farko ya gaya mata kayan gwamnati ne, kada kowa ya je kusa. Na gwada batir, na canza fulogi, na ce ya je.

Bayan kwana biyu ya dawo. Na wanke injekta, na duba matatar mai, na daidaita bawul. Ya sake dawowa. Na ce ya bar mini shi ya kwana a gareji, a waje ma, inda sanyi zai dake shi sosai. Ina idar da sallar asuba na zo, hannuna har ba ya son riƙe makulli don sanyi, na danna. Tashi ɗaya, silonsa, wato ƙugin da inji ke yi ba a taɓa totur ba, ya hau kaɗan ya sauko kamar yadda ya kamata. Ya mayar da shi Horo Birni, washegari ya ƙi.

Nan fa abin ya ɗaure mini kai, kuma gaskiya daɗi na ji, don na daɗe ban samu aikin da ya hana ni jin ɗanɗanon tuwo ba. Babur lafiyayye a Shagari, majinyaci a Horo Birni. Masu zaman benci suka ce sammu ne, wani abokin aikinsa ke son babur ɗin. Wani ya ce a nemo rubutu a yayyafa. Ni dai abu ɗaya na gani da ban gane ba: wani farin dabbare-dabbare a haƙarƙarin kan inji, irin wanda ruwan rijiya ke bari in ya bushe. Na tambaye shi, ya ce yana wanke shi duk Juma'a. Na bar maganar, ko da yake wanki ba ya zaɓar wuri ɗaya.

Ranar Asabar ya zo fuskarsa a ɗaure. Shugabansu ya kira shi ya ce mata sun gaji da zaman jiran wanda ba ya zuwa. In ya sake makara ranar Litinin, za a karɓe babur a ba wani, shi kuma a tura shi wani asibitin can bakin iyaka inda ba a bukatar yawo.

"Ni ba tahiyar ce damuwata ba," ya ce. "Inna ta ce ba ta barin gidan Malam ko da mi. Yayyena duk suna gidajen mazansu. In anka ɗauke ni, wa za shi zauna da ita?"

Na ce masa tunda cutar ba ta zuwa gareji, ni zan je gidanta. Na ɗaure kayan aikina na bi shi, na kwana a zaurensu.

Da asuba muka tafi masallaci tare. Shi al'adarsa yakan zauna wuridi har gari ya yi haske, ni kuwa ana sallamewa na dawo, don ina son in ga babur ɗin da sanyinsa kafin kowa ya motsa shi. Yana kwana a wata rumfa bayan zaure. Gefensa tsohon babur ɗin Malam Haliru ne, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinsa wurin kwanciya, amma na gane shi kamar jiya na rabu da shi. Ina zaune a bakin zaure sai na ji takun tafiya daga cikin gida.

Inna Kulu ce, mahaifiyar Sirajo, ta lulluɓa da mayafi, tana riƙe da babbar buta da tsumma, tururi na tashi. Ba ta gan ni ba. Ta duƙa gaban sabon babur ɗin, ta yi bisimilla, ta fara tsiyaya ruwan a kan inji a hankali, a hankali, daidai kan sensar zafi. Hannun ya san aikin. Ko ba a gaya mini ba na san dabarar wa nake kallo, tawa ce.

Na yi gyaran murya na yi sallama. Ta ɗan razana, sannan ta amsa.

"Ummaru, kai na? An tashi lahiya? Don Allah kak ka hwaɗa ma Auta, shi ya hana a taɓa."

"Inna, tun yaushe kike zuba mishi?"

"Tun ranar da sanyi ya kama. Ai kai kak koya ma Malam. Ranar da yad dawo daga Bodinga yac ce, Kulu, in sanyi ya yi ki riƙa aza min ruwa. Ban taɓa hwashi ba har Allah ya ɗauke shi. Wanga na Auta kau taurin kai garai. Da nig ga shina ƙi, sai na ƙara wuta, na koma babbar buta."

Na ɗauko na'ura na jona. Ta nuna mini inji da zafi kamar wanda ya dawo daga tafiya. Na sa tafin hannuna a ƙasan injin, sanyi kamar randa. Ashe ruwan ɗan aiken kaɗai yake ɗumamawa, shi kuma ya je ya gaya wa ƙwaƙwalwa inji ya ɗumama, ta hana ƙarin man da ake bukata. Na zare soket ɗin sensar na tarar ya jiƙe, har ya fara kore. Har yau ba zan rantse muku wanne ya fi yin ɓarna ba, zafin ko jiƙewar. Na'urar dai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. A gareji babu mai zuba ruwa, shi ya sa ta ce lafiya.

Ana haka Sirajo ya shigo. Ya ga buta, ya ga ƙasa a jiƙe, wurin da kullum yake ɗauka ruwan wanke-wanke ne ya gangaro. Ya buɗe baki, "Inna, ashe ke..." Na tare shi. Na ce ya rufe bakinsa, laifin nan tun kafin a haife shi na aikata shi a Bodinga, in faɗa zai yi ga ni. Ya sunkuyar da kai. Muka gwada tayarwa don in tabbatar, babur ya ƙi.

Wunin ranar na busar da soket ɗin, na kankare koren, na shafa masa man da ke hana ruwa shiga, na cika batirin da ya galabaita da danne-danne. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Inna Kulu. Na zauna daga bakin ƙofa na yi mata bayani iya iyawata, cewa wannan babur ɗin shi ke jin sanyinsa da kansa ya nemi magani, in an ɗumama masa fata sai ya ruɗe. Ta saurare ni har na gama.

"Ummaru, da bakinka kac ce a zuba. Yau da bakinka ka ce a bari. Gobe Litinin. In ban zuba ba yaƙ ƙi tashi, sunka ɗauke min ɗa, wane bakin naka za ni kamawa?"

Tambayar ta dace, kuma ba ni da wata safiyar da zan yi gwaji kafin ta Litinin. Na ce mata, "Inna, ki aza ruwanki kamar kullum, ki riƙe butarki a hannu. Ki ba ni dannawa ɗaya tak. In ya ƙi, ni da kaina za ni karɓa in zuba." Na faɗa ne kawai don ta yarda, amma tsoro ya kama ni, don na san in ya ƙi ba ni da sauran dabara. Babur ɗina tsoho ne, ba shi da wurin ɗaure akwatin, kuma shugaban nasu babur ɗin aiki ya ce yana son ya gani a ƙofar ofis.

Safiyar Litinin sanyin ya fi na jiya. Sirajo bai zauna wuridi ba. Muka tsaya mu uku a rumfar, ita tana gefe da butarta, tururi na dukan fuskarta. Na ce masa ya cire hannu daga totur, ya sa shi a aljihu ma in ya ga zai ci amanarsa. Ya murɗa makulli. Famfo ya yi ɗan kukansa ya yi shiru. Na ga butar ta ɗan karkata a hannun Inna Kulu. Na ce, "Danna."

Ya juya sau ɗaya, sau biyu, ya ɗauka. Silo ya hau, kajin da ke ƙarƙashin tsohon babur suka watse. Sirajo ya yi dariya kamar ƙaramin yaro, ya durƙusa ya ce Inna ta yi masa addu'a. Ta ce Allah shi kiyaye hanya. Ya tura babur ta zaure ya hau, muna jin ƙararsa har ta ɓace wajen hanyar Shagari. Yana nan a wurin aikinsa har yau, kun san shi, shi ne mai wucewa da farin akwati.

Ni na duƙa ina naɗe sifanuna cikin tsumma, ina jin kaina ya fara kumbura irin na wancan karon. Sai na ji muryarta a bayana.

"Ummaru, to wanga ruwa hwa?"

Na ɗago. Tana tsaye da butar, ruwan da ta tashi tun kafin kiran salla ta hura wa wuta. Kunya ta rufe ni. Ba ta jira ni ba. Ta taka zuwa tsohon babur ɗin Malam Haliru, ta share bambaron da ke kan tankin da gefen mayafinta, ta duƙa ta yi bisimilla. Ta tsiyaya ruwan a wuyan kafireta, daidai inda na nuna wa mijinta a Bodinga, a hankali har butar ta ƙare.

Ta miƙe tana kallon tururin da ke tashi daga tsohon ƙarfen, ta ce, "Shi dai bai taɓa ƙi ba."